Ƙyalli a Kan Ɗaurin Hannu

Ɗiyar ƙanena ce ta tono kaset ɗin daga ƙasan akwatin ƙarfe na mahaifiyarta. Tana aikin kwamfuta a wani shago kusa da jami'a nan Dutsin-Ma, kuma ta ji an ce a cikin kaset ɗin akwai ubanta da idanunsa biyu. Ita da ido ɗaya ta san shi har Allah ya karɓi ransa. Ta samo tsohon bidiyo, ta samo wata 'yar na'ura mai wayoyi ja da fari da rawaya wadda ke haɗa bidiyo da kwamfuta, sannan ta aiko da mai babur ya ɗauko ni.

"Baba, kai ne tsohon mai gyara. Zo ka ga abin da ya hana ni cin abinci."

Da farko sauti ne ya fito, babu hoto. Kalangu na tashi, mutane na ihu, allon kwamfuta baƙi ƙirin. Ta canza manhaja, hoto ya zo kore shar yana tsalle kamar an saka masa wuta. Kwamfutar ta ce mata wai babu wani abu kodek, wanda ta ce mini shi ne tafinta tsakanin hoton da kwamfutar. Ta nemo shi ta saka, ta kashe ta kunna. Hoto ya zauna, amma baƙi da fari.

"Launi ya ƙi, Baba. Na taɓa ko'ina."

Na ce ta duba ko akwai wurin da aka rubuta Fal, in akwai ta mayar da shi Sikam. Ta juyo ta dube ni.

"Ina ka san wannan kuma?"

Wani ne ya taɓa gaya mini, a ranar da aka zubar masa da haƙora a cikin shagona.

Mu gidan mahauta ne. Ni kaɗai na bar fawa, don tun ina firamare hankalina na kan rediyo, kuma karatun ma bai yi nisa ba na koma bakin kasuwa da sukudireba. 'Yan'uwana mahauta suna ce mini Malam mai waya, rabi wasa rabi raini. Da bidiyo ya shigo a shekarun tamanin, na samu guda biyu da talabijin ɗaya da ƙaramin janareta, ina juye kaset daga wannan zuwa wancan. Abin da ya gagare ni, sai in kira Injiniya. Kirista ne daga kudancin jihar Kaduna ta wancan lokacin, yana gyaran na'urori a wani ofishin gwamnati, Hausarsa tsaf. Muna cin tsire tare. In na fita salla, shi ke tsare mini shago.

Ƙanena kuwa ɗan dambe ne, shi ne abin alfaharin mahautan Dutsin-Ma. Da kaka, bayan an kai gero gida, mutanen Kurfi suka gayyace mu. Na je. Akwai wani Alhaji mai sayen fatu da ya dawo daga Makka da kyamara, babba, da akwatin ɗaukarta rataye a kafaɗa, shi ma ya je yana ɗauka.

Abokin karon ƙanena dogo ne, mahauci ɗan Kurfi, mai dogon hannu. Sun daɗe suna zagaye, ƙanena ya kai masa naushi a haƙarƙari har muka ji ƙarar daga inda muke. Dogon ya ja baya kamar ya karaya. Ƙanena ya bi shi, ya sauke hannun da yake karewa da shi. Nan dogon ya juyo da dukan ƙarfin ƙugunsa ya sauke masa ɗaurin hannu a kan idon hagu. Ƙanena bai faɗi nan take ba. Ya tsaya, ya kai hannu fuska, sannan ya zube ƙasa. Fage ya ɗauka da ihun an yi kisa. Da na isa wurinsa jini na bin tsakanin yatsunsa, da wani ruwa wanda ba jini ba. A asibiti aka ce idon ya fashe.

A dambe, abin da ya same ka a fage ba a bin sa. An karya mutane, an zubar da haƙora, an ci gaba da gaisawa a kasuwa. Sai fa in an yi ha'inci. In mutum ya daka kwalba ya shafe igiyar da yake ɗaure hannunsa da ita, to wannan hannun ya zama na waɗanda aka cuta. Kafin mu dawo gida magana ta riga mu: wai naushi ba ya fasa ido haka, dogon Kurfi ya sa kwalba. Matasan mahauta suka fara wasa wuƙa. Sarkin Fawanmu, tsoho ne mai tsoron Allah, ya hana. Ya ce babu mai taka hanyar Kurfi sai an ga shaida, kuma tun da Alhaji ya kama wasan a cikin na'ura, na'urar ta faɗi.

Na je na zauna kusa da ƙanena, kansa naɗe da bandeji.

"Ka ji kwalba?"

"Yaya, hannu na ji. Na sauke garkuwata, ya same ni."

"Ka tuna da kyau."

"Mi zan tuna? Ni na yi wauta. Ku bar mutum da hannunsa."

Na ce zazzaɓi ne ke magana. Haka na gaya wa kowa.

Alhaji bai iya nuna kaset ɗin a gidansa ba. Kayan da ya sayo a can ba su saba da ƙarfin wutarmu ba, yana haɗa su da janareta sai talabijin da cajar batir suka yi hayaƙi. Kaset kaɗai ya tsira, aka kawo mini.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Na rataya bargo a ƙofa don haske ya ragu. Mahauta suka cika shagon, wasu ko hannu ba su wanke ba, ƙarnin jini da kitse ya gauraya da hayaƙin janareta. Aka ba Sarkin Fawa kujerata. Na saka kaset, hoto ya hau birgima daga sama zuwa ƙasa.

"Malam mai waya, mutanen naka a rijiya suke faɗawa?"

Aka yi dariya. Na cire murfi, na jiƙa tsumma da sifirit na goge hed, ƙarfen da ke karanta kaset. Birgima ta ragu. Na canza waya, na koma ɗaya bidiyon, na murɗa maɓallin daidaita hoto har ya zauna. Amma babu launi ko ɗigo, kuma wasu ƙananan ɗige-ɗige na yawo a fuskar talabijin kamar tururuwa. Na murɗa abin launi har ƙarshe, babu. Gumi ya jiƙa mini riga. Wani ya ce da na tsaya a fawa da yanzu na iya ko fiɗar akuya. Na aika aka kira Injiniya.

Ya zo da rigarsa ta ofis, ya gaida Sarki, ya duƙa ya duba kaset ɗin, ya tambayi inda aka sayi kyamarar.

"To ai shi ke nan. Ranka ya daɗe, kayan ƙasar Makka Sikam ne, namu Fal. Kamar yare biyu ne. Bidiyonmu ya gane surar mutanen, bai gane launinsu ba. Sai a nemo mai jin yare biyu, akwai a Katsina wajen wani abokina. A yi haƙuri zuwa jibi ko gata."

"Mu launi muka zo kallo?" in ji babban ɗan Sarkin Fawa. Shi ne shugaban masu wasa wuƙa, ƙato, wuyansa kamar na bijimi. "A kai mu wajen kisan kawai."

Injiniya ya miƙe tsaye. "Kisa? An kashe mutum a ciki?"

Shagon ya fashe da dariya, har Sarki ya murmusa. Na gaya wa Injiniya a dambe in ka kai mutum ƙasa ka kashe shi ke nan, ko da zai tashi ya ci tuwo. Ya dafe ƙirji ya ce, "Kai, Hausawa, za ku kashe ni ni ma." Wannan ce dariyar ƙarshe da aka yi a shagon a ranar.

Muka kai wajen. Naushin ya wuce kamar ƙiftawar ido, babu wanda ya ga komai sai faɗuwar ƙanena. Na mayar baya, muka sake kallo. Na sake mayarwa. Duk lokacin da hannun ya sauka sai wani ya yi salati, wani ya yi zagi. Ni kuwa ina kallon fuskar ɗan'uwana tana fashewa, ina mayar da ita tana sake fashewa, da yatsana.

"Tsayar da shi daidai nan," in ji ɗan Sarki.

Na danna maɓallin tsayarwa. Hoto ya tsaya yana rawa, hannun dogon na sama dab da fuskar ƙanena. A daidai kan ɗaurin hannun wani layi ya gitta, cike da fararen ƙyalli, suna walƙiya, suna tartsatsi.

Sai wani daga baya ya ce, "Kwalba."

"Wallahi kwalba ce! Ga ta nan tana ƙyalli!"

Injiniya ya ce, "A'a, a'a, ku tsaya. Wannan ba a hannunsa yake ba, a cikin bidiyon yake. Duk inda ka tsayar da irin wannan bidiyo sai layin nan ya fito. Malam, gaya musu mana."

Sarkin Fawa ba ya gani sosai. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ja baya, ya juyo gare ni.

"Ni dai farin abu nake gani. Kai ne namu, kai ka san na'urar. Mi ne ne wanga?"

Na sha ganin layin nan. Na gan shi a kan fuskar mawaƙa, na gan shi a kan ƙafar 'yan ƙwallo. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina yake zuwa ba, kuma a ranar ban so in tambaya ba. Mutanen da suka yi shekaru suna ce mini mai waya duk sun zuba mini ido, suna jiran abin da zai fito daga bakina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwalba ce."

"Haba Malam!" Injiniya ya miƙa hannu wajen maɓalli. "Bari in tsayar muku a kan mai kalangu ku gani, shi ma za ku ce ya sa kwalba a gangarsa?"

Na buge hannunsa. Ni na fara taɓa shi. Ɗan Sarki ya ɗauki wannan a matsayin izini, ya shaƙo wuyan rigarsa, ya haɗa bakinsa da gefen teburin gyara. Na ji ƙarar haƙora. Injiniya ya zube cikin tsofaffin rediyoyi, wani ya taka masa ciki, wani ya ce nawa mutanen Kurfi suka ba shi. Sarki na buga sanda a ƙasa yana cewa a bari, babu mai ji. Da suka sake shi, ya tashi da rarrafe, rigar ofis ta rine. Ya tofar da jini, ya dube ni. Bai zage ni ba. Da bakin da ya fashe ya ce, "Tsayar a wani wuri, Malam. Sau ɗaya kawai."

Na kashe janareta.

Da la'asar muka shiga motar ɗaukar shanu, muka nufi Kurfi. Sarki bai ce a je ba, amma bai sake cewa kada a je ba. Gonaki an girbe, karan gero a tsaye, motar na jijjiga mu muna riƙe da ƙarfe. Na yi ta gaya wa kaina ai idon ɗan'uwana ya tafi, ai wani abu ne ya fasa shi.

Muka sami dogon a rumfarsa, yana datsa ƙashi a kan kututture. Yana ganinmu ya ajiye gatari, ya goge hannu a jikin zani.

"Maraba da mutanen Dutsin-Ma. Ya jikin abokina? Da gobe nake shirin zuwa dubiya."

"Ga dubiyar ta zo maka har gida," in ji ɗan Sarki.

Suka rufe shi. Bai tsaya ba, ɗan dambe ne. Na farko da ya kama shi ya sha gwiwar hannu a hanci, na biyu ya faɗa cikin kwanon kayan ciki. Aka buga masa sanda a bayan gwiwa, aka ƙara masa a ƙeya, ya durƙusa. Mata masu sayen nama suka watse suna kururuwa. Mutum huɗu ko biyar suka danne shi, aka jawo hannunsa na dama aka shimfiɗa a kan kututturen da yake aiki, cikin ɓargo da gutsattsarin ƙashi.

"Mi na yi? Don Allah mi na yi muku?"

"Kwalbar da ka sa."

"Wace kwalba? A kawo Alƙur'ani! Igiyar tana ɗaki, a je a ɗauko a shafa! Wa ya ga kwalba?"

Suka buɗe hanya, suka nuna ni. Kumatunsa na manne da ƙasa, ya ɗago ido ɗaya ya same ni.

"Kai ne yayansa. Ka gani da idonka?"

"Na gani a na'ura."

Ɗan Sarki ya ɗauki gatarin mutumin, ya juya shi, ya yi amfani da bayansa. Bugun farko ya sauka a kan yatsu. Ihun da dogon ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin dabbar da aka yanka ba. Na biyu ya sauka a bayan hannu, ƙashi ya huda fata ya fito fari. Ɗan Sarki bai daina ba sai da hannun ya zama ba shi da siffa. Jini ya fallatso mini a ƙafar wando. Ban riƙe shi ba, ban buga ba, ina tsaye hannuwana a aljihu, kuma ban ga wannan ya rage mini komai ba.

Mahautan Kurfi suka fito da wuƙaƙe da taɓare. Muka gudu zuwa mota, duwatsu na bin mu, aka fasa wa direba goshi, aka sari ɗaya daga cikinmu a kafaɗa. Bayan nan 'yan sanda suka kwashi wasu, manyan garuruwan biyu suka yi ta zama. Shekaru aka yi mahaucin Dutsin-Ma bai ci kasuwar Kurfi ba.

Washegari da safe na buɗe shago, na share haƙoran Injiniya tare da ƙura, na tayar da janareta. Na saka kaset, na kai wajen da mai kalangu ke zagaya fage, na tsayar. Layin ya gitta ta kan gangarsa, fari, yana tartsatsi. Na sake, na tsayar a kan wata mai sayar da fura. Ƙyalli a kan ƙwaryarta. Na tsayar a kan sararin sama, inda babu kowa.

Na je gidan Injiniya, matarsa ta fito bakin ƙofa ta ce ba ya nan, ina jin tarinsa a ciki. Kafin damina ya nemi canjin wurin aiki, ya bar garin. Na je wajen Sarkin Fawa na gaya masa abin da na gani. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Ƙanena shi ne ya karɓe kaset ɗin daga hannuna. Da ya warke ya tafi Kurfi shi kaɗai, a ƙafa, ya shiga gidan dogon. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Ni sai da na yi furfura kafin na iya taka garin, kuma da na tsaya a gaban dogon na faɗi abin da ya kawo ni, cewa ya yi, "Na daɗe da sani, ɗan'uwanka ya gaya mini. Tsoka kake so ko hanta?"

Ɗiyar ƙanena ta samo wurin da aka rubuta Fal, ta mayar da shi Sikam. Launi ya zubo cikin allon lokaci ɗaya. Ƙasar fage ja, rigar mai kalangu shuɗiya, ga ƙanena da jan wando yana tsalle yana dariya, idanunsa biyu a buɗe. Ta rufe baki da mayafi. Muka kalla har aka zo naushin. Ta tsayar da hoton kafin hannun ya sauka, don ba ta son ganin sauran. Kwamfuta ba ta rawa in ta tsaya. Hannun na nan a sama, naɗe da farar igiya, ana iya ƙirga zagayenta, babu komai a kai.

"Baba, wane ne wannan dogon? Kamar na san fuskar."

Na ce tsohon nan ne mai nama a bakin kasuwar Kurfi, wanda jikokinsa ke yi masa yanka, shi yana zaune yana miƙa wa mutane da hagu.

"Wanda in maza sun zo gaisawa yake ba su tsintsiyar hannu? Ai na ɗauka don jinin nama ne. Duk mahauta haka suke yi in hannunsu ya ɓaci."

"Haka kowa ke ɗauka," na ce mata. "Ja kujerarki nan, ki bar hoton yadda yake."